SUNANKA DA HOTONKA A WAYA, DA YADDA AKE AIKA ADIRESHIN INTANET

Jama'a, kamar yadda kowa ya sani, wayar hannu ta fara yaɗuwa a ƙasar nan a shekarar 2001, lokacin da kamfanonin MTN da Econet suka fara aiki. A wancan lokaci sai masu hali ke riƙe ta. Yau kuwa ta kai Ajingi da Gaya, ta kai Toranke da Balare da Gafasa da Kunkurawa. Manomi na tambayar farashin riɗi a kasuwar Dawanau yana zaune a gindin bishiya. Mai kiwo na aika hoton sa zuwa Wudil tun kafin ranar Juma'a ta zo. Ɗan cin rani da ke Legas ko Fatakwal na turo wa iyalinsa kuɗin cefane cikin minti ɗaya.

To, amma da yawa daga cikinmu wani ne ya buɗe mana WhatsApp ko Facebook. Mai cajin waya ne, ko ɗa, ko ƙane. Shi ya zaɓi sunan, shi ya sa hoton, mai wayar bai ma san abin da mutane ke gani ba in ya yi magana. Haka kuma kullum ana turo mana wani rubutu mai launi ana cewa mu taɓa, ba mu san inda zai kai mu ba. Wannan wata za mu yi bayani a kan abubuwan nan biyu: yadda mutum zai gyara sunansa da hotonsa, da yadda zai aika adireshin intanet ya kuma gane na banza.

SHAIDA TSOHUWAR AL'ADA CE

Tun kafin zuwan waya mutanenmu sun san amfanin shaida. Sarakunan dā idan za su aika wasiƙa sai an buga mata hatimi, don wanda aka kai wa ya tabbata daga fada ta fito. Ɗan kasuwa yakan rubuta sunansa ko wata alama a jikin buhunsa kafin a loda a mota, don kada ya cakuɗe da na wani. Da jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo ta fara fitowa a Zariya a 1939, masu aiko mata wasiƙa sukan sa sunansu da sunan garinsu a ƙarshe.

Har wa yau, akwai al'adarmu ta jingina suna da gari. Dubi Malam Aminu Kano, da Alhaji Shehu Shagari, da Alhaji Abubakar Rimi. Ga kuma na kusa da mu, Kabiru Ibrahim Gaya, wanda ya yi Gwamnan Jihar Kano daga 1992 zuwa 1993. Da ka ji sunan ka san inda mutumin ya fito.

Abin da ke fitowa a waya tare da lambarka shi ma shaida ne. Matasa na ce masa furofayil. Abu uku ne a cikinsa: sunanka, hotonka, da ɗan gajeren bayani a kanka. Wanda bai taɓa ganinka ba, da waɗannan zai fara auna ka. Mu ɗauke su ɗaya bayan ɗaya.

NA FARKO: SUNA

Hausawa sun ce suna linzami ne. A WhatsApp, wanda ya riga ya ajiye lambarka a wayarsa zai ga sunan da shi ya ba ka. Amma wanda bai ajiye ba, sunan da kai ka rubuta shi zai gani. Wato baƙo ne ya fi ganin sunan nan: dillali a Dawanau, malamin gona, malamin makarantar ɗanka, ko sakataren ƙungiyar manoma.

Saboda haka a sa sunan da mutane suka san ka da shi. Idan ka sa "Sai Ni" ko "Ɗan Baiwa" ko hoton fure kawai, ba wanda zai san kai wane ne. Ranar da za a rubuta sunayen waɗanda za a ba taki ko iri, ana iya tsallake ka. A ƙauye ɗaya za a iya samun Musa goma da Sani goma. Don haka ka haɗa da sunan mahaifinka, ko sana'arka, ko garinku. Misali: sunanka, sannan "Mai Taki", sannan "Gurduba". Sai dai wurin ba shi da faɗi. WhatsApp ba ya karɓar fiye da harafi 25, har da ratar da ke tsakanin kalmomi. A taƙaita.

Shi kuwa Facebook, dokarsa ita ce mutum ya sa sunan da ake kiransa da shi a zahiri. Idan ka canja suna, sai bayan kwana 60 za ka iya sake canjawa. Ka duba rubutun da kyau kafin ka amince.

Akwai wata matsala da ta fi damun mutanen karkara, ita ce rubuta suna iri-iri. Mutum ɗaya ne, amma a katin zaɓe an sa Mamman, a banki an sa Muhammad, a katin ɗan ƙasa an sa Mohammed. Wani Garba ne a gida, Abubakar a takarda, Habu a kasuwa. Mu a wurinmu duk ɗaya ne. Na'ura kuwa ba ta san haka ba. Lambar ɗan ƙasa ta NIN, wadda Hukumar NIMC ke bayarwa, da lambar banki ta BVN, wadda Babban Bankin Nijeriya ya fito da ita a 2014, kowacce lamba 11 ce, kuma kowacce na ɗaure da suna. Idan sunayen suka saɓa, ana iya hana mutum buɗe asusu ko karɓar kuɗinsa sai ya je ya gyara, ga kuɗin mota ga ɓata lokaci.

Shawara a nan ita ce ka ɗauko katinka na ɗan ƙasa, ka kwafi sunan harafi bayan harafi a littafinka, ka riƙa rubuta shi haka a ko'ina. Ga mai saye da sayarwa wannan ya zama dole. Duk wanda zai turo maka kuɗi, sunan mai asusu zai fito masa kafin kuɗin su tafi. In ya ga sunan da ke WhatsApp daban, na banki daban, zai yi shakka, ciniki ya lalace. Tun ƙarancin takardun kuɗi na farkon shekarar 2023 mutane da yawa suka koma ciniki ta waya, kuma kowa ya koyi duba suna.

Ga masu son rubuta Hausa daidai, akwai allon rubutu mai suna Gboard, wanda ke da haruffanmu masu lanƙwasa, wato ɓ da ɗ da ƙ. Ka sa wanda ya iya ya ƙara maka Hausa a ciki.

NA BIYU: HOTO

Ba tilas ba ne mutum ya sa hotonsa. Amma ga mai sana'a yana da amfani, domin mutum ya fi sakin jiki da wanda ya ga fuskarsa. Idan za ka ɗauka, ka tsaya a waje da safe ko da yamma, haske na dukan fuskarka. Kada rana ta kasance a bayanka, fuskar za ta yi duhu. A ɗauka daga ƙirji zuwa sama, saboda hoton a ɗan ƙaramin da'ira yake fitowa.

Wanda ba ya son sa fuskarsa yana iya sa hoton sana'arsa. Tela ya sa kekensa, maƙeri ya sa garmar da ya ƙera, mai ƙuli-ƙuli ta sa kayanta a faranti mai tsabta. Wannan ma talla ce ta kyauta.

Ga abubuwan da ba a sa wa a hoto ko kaɗan:

1. Katin ɗan ƙasa, ko katin zaɓe, ko katin cirar kuɗi. Lambobin da ke jiki su ɓarawo ke nema.

2. Hoton kuɗi a hannu, ko garken shanu, ko rumbu cike da hatsi. Ba ka san wanda ke kallo ba.

3. Hoton wani mutum ba da izininsa ba, ko da ɗan'uwanka ne.

4. Kayan soja ko na ɗan sanda ko tambarin wata hukuma, alhali kai ba ma'aikacinsu ba ne. Dokar laifuffukan intanet ta 2015 ta haramta sojan gona, kuma hukuncinsa ɗauri ne na shekaru ko tara mai yawa, ko duka biyun.

Ga 'yan'uwa mata kuwa, ki sani duk wanda ya sami lambarki yana iya ganin hotonki in ba ki rufe ba. WhatsApp ya ba da zaɓi. Kina iya barin kowa ya gani. Kina iya cewa sai waɗanda kika ajiye lambarsu. Kina iya ware wasu daga cikinsu, ko ki hana kowa. Mafi dacewa ga yawancin mutane, maza da mata, shi ne na biyu. Haka nan a yi hattara da hoton yara. Hoto in ya fita ya fita ke nan, wani zai ajiye shi a wayarsa ko da ke kin goge naki.

NA UKU: GAJEREN BAYANI

A ƙarƙashin suna akwai wurin da mutum zai rubuta 'yan kalmomi a kansa. Mafi yawan mutane sun bar shi da Turancin da ya zo da shi, wanda ba ya amfana wa kowa komai. Mai sana'a ya yi amfani da wurin. Misali: "Ina sayar da irin gyaɗa da wake a Ajingi." Ko kuma: "Ɗinkin mata da yara, Chula." Ko: "Gyaran injin ban ruwa, a kira da safe."

Kada a zagi kowa a wurin, kada a yi habaici. Wanda ka yi dominsa wataƙila ba zai gani ba, mai son sayen kayanka shi zai gani. Kada kuma ka rubuta cewa ka yi tafiya ka bar gida.

YADDA AKE GYARAWA

Wayoyi sun bambanta, kuma kamfanin yakan sauya tsari lokaci-lokaci. Amma a yawancin wayoyin da ke hannun mutanenmu haka ake yi:

1. Buɗe WhatsApp. A sama ta hannun dama za ka ga ɗigo uku a jere. Taɓa su.

2. Wasu kalmomi za su sauko. Taɓa ta ƙarshe, ita ce ke kai mutum wurin saiti.

3. A can sama za ka ga sunanka da da'irar hoto. Taɓa wurin.

4. Don canja hoto, taɓa da'irar, ka zaɓa daga hotunan da ke wayarka ko ka ɗauki sabo.

5. Don canja suna, taɓa sunan, ka goge tsohon, ka rubuta sabo, ka ajiye.

In abin ya rikice maka, matambayi ba ya ɓata. Amma ka zauna kusa da mai taimakonka, wayar na gabanka, kana ganin abin da yake yi. Ka ce ya nuna maka sau ɗaya, na biyu kai ka yi da hannunka.

MENE NE ADIRESHIN INTANET?

Idan za ka aika wasiƙa ta gidan waya, sai ka rubuta sunan mutum da unguwa da gari. In babu adireshi wasiƙa ba ta isa. Haka abin yake a intanet. Kowane labari, kowane bidiyo, kowace takardar cikewa tana da adireshinta. Idan aka turo maka adireshin a saƙo, za ka gan shi da launi daban, shuɗi ko kore. Da ka taɓa shi sai wayar ta kai ka wurin. Shi ne matasa ke kira linki, wasu kuma su ce mahaɗi.

Wani Baturen Ingila mai suna Tim Berners-Lee ne ya tsara wannan dabara a 1989, yana aiki a wata cibiyar bincike a ƙasar Suwizalan. Nufinsa shi ne takarda ɗaya ta riƙa nuna hanyar zuwa wata, kamar yadda alamar bakin titi ke nuna hanyar Dutse ko ta Kano.

Adireshi yana da sassa, kuma wanda ya iya haɗa baƙi zai iya karanta shi. Dubi wannan: nimc.gov.ng. Daga ƙarshe ake fara fassarawa. Haruffan "ng" na nufin Nijeriya. Haruffan "gov" na nufin gwamnati. Sannan "nimc" sunan hukumar ne. Haka na hukumar jarrabawar shiga jami'a yake, jamb.gov.ng. Haka na Babban Banki, cbn.gov.ng. Hukumomin gwamnati kaɗai ake ba adireshi mai ƙarewa da gov.ng. Akwai dai wasu hukumomin da nasu ya bambanta, kamar Hukumar Zaɓe, wadda nata inecnigeria.org ne. Na Jamhuriyar Nijar kuwa da "ne" yake ƙarewa.

Wani lokaci za ka ga karkataccen layi bayan sunan, da ƙarin kalmomi. Misali bbc.com/hausa. Abin da ke kafin layin shi ne gidan. Abin da ke bayansa ɗaki ne a cikin gidan. Wato gidan BBC, ɗakin Hausa. Ka riƙe wannan da kyau, za mu dawo kansa.

YADDA AKE AIKA ADIRESHI

A ce ka ga bidiyon da ke koya yadda ake adana wake a buhun da iska ba ta shiga, kana son abokinka ya gani. Hanya biyu ce.

Ta farko, a kusa da bidiyon akwai alamar rabawa. Wani lokaci kibiya ce mai lanƙwasa, wani lokaci ɗigo uku ne da aka haɗa da layi biyu. Taɓa ta, ka zaɓi WhatsApp, ka zaɓi sunan abokin, ka aika.

Ta biyu, ka ɗora yatsa a kan adireshin ka ɗan riƙe. Wayar za ta ba ka damar kwafa. Sai ka je wurin rubuta saƙo, ka sake ɗora yatsa ka riƙe, ka manna shi, ka aika.

Kada ka yi ƙoƙarin rubuta dogon adireshi da hannu. Harafi ɗaya in ya kuskure, ko aka bar rata a tsakiya, ba zai buɗe ba, ko ya kai mutum wani wuri daban.

Aika adireshi yana da ladabinsa. Kada ka jefa wa mutum shi haka kawai ba sallama ba bayani. Ka rubuta layi ɗaya a sama: "Malam, ga bayanin adana wake da muka yi magana, minti biyar ne." In rubutu na yi maka wuya, ka haɗa da saƙon murya. Ka faɗa masa in bidiyo ne, domin bidiyo na cin data da yawa, kuma data kuɗi ce. Sannan kai ka fara buɗewa ka gani kafin ka tura wa wani. Abin da ka aika da sunanka ya tafi.

Mai sana'a yana iya yin adireshin kansa ba tare da ya biya ko kwabo ba. Ka rubuta wa.me, ka sa karkataccen layi, ka rubuta 234, sannan lambar wayarka ba tare da sifirin farko ba. Kada ka bar rata. Lambar 234 ita ce ta Nijeriya, ta Nijar kuwa 227. Duk wanda ya taɓa wannan adireshi zai faɗo kai tsaye wurin yi maka magana a WhatsApp, ko bai ajiye lambarka ba. Ana iya rubuta shi a allon shago ma. Sai dai ka tuna, duk inda ya je lambarka ta je.

YADDA AKE GANE ADIRESHIN BANZA

Nan ne gizo ke saƙa. Kusan kowane mako ana turo saƙo cewa gwamnati na raba kuɗi, ko wani kamfani na ba da data kyauta, ko ana ɗaukar ma'aikata, a taɓa nan a cike. Mafi yawansu tarko ne. Ga alamomin da za ka duba:

1. Karanta sunan gidan, wato abin da ke kafin karkataccen layi na farko. Macuta sukan sa sunan hukuma ko na banki a farko don ido ya ruɗu, amma ƙarshen wani abu ne daban. In an ce daga Gwamnatin Tarayya ne, ka ga ya ƙare da wasu haruffa da ba ka sani ba, ka dakata ka tambaya.

2. Duba ko an sauya harafi ɗaya, kamar a sa sifiri a madadin harafin "o".

3. Akwai gajerun adireshi masu farawa da irin su bit.ly. Waɗannan rufaffen kwano ne, ba ka sanin abin da ke ciki sai ka buɗe. Mutanen kirki ma na amfani da su, amma in daga baƙo ya zo, ka bar shi.

4. In aka ce sai ka tura wa mutum goma ko ashirin kafin a ba ka, ƙarya ce. Babu hukumar da ke rabon kaya ta haka.

5. In aka ce yau ne ƙarshe, yi maza, so ake kada ka yi shawara.

6. In aka nemi lambar sirrin katinka, ko lambobin da ke jikin katin, ko lambar da banki ya turo maka yanzu-yanzu, ɓarawo ne. Ma'aikacin banki na gaskiya ba ya tambayar waɗannan.

Wasu na cewa in adireshi ya fara da https to lafiyayye ne. Ba haka ba ne. Macuta ma suna da irinsa.

Ƙasar nan ta sha ganin illar kwaɗayi ta wannan hanya. A watan Disamba na 2016 shirin MMM ya rufe da kuɗin ɗimbin jama'a. A watan Afrilu na 2025 wani mai suna CBEX shi ma ya rufe. Duka biyun sun yi alkawarin riba mai yawa cikin wata guda, kuma ana ba mutum lada in ya kawo wasu. Saboda haka aboki ke jawo aboki, wa ya jawo ƙane. Wanda ya turo maka yana iya zama mutumin kirki da shi ma aka ruɗa. Kwaɗayi mabuɗin wahala.

Labarin ƙarya ma yana kisa. A watan Agusta na 2014, lokacin cutar Ebola, wani saƙo ya zagaya ƙasar nan cikin dare ɗaya, wai a yi wanka da ruwan gishiri a kuma sha. An kwantar da mutane a asibiti, wasu sun rasu. Ga shi gishiri ba ya maganin Ebola. Irin wannan ne ya sa a 2019 WhatsApp ya taƙaita tura saƙo zuwa wuri biyar a lokaci guda. Saƙon da ya sha yawo kuwa, za ka ga kibiya biyu a samansa, kuma tun 2020 wuri ɗaya kawai ake iya tura shi a lokaci guda. In ka ga kibiyoyin nan, ka san wanda ya turo maka ba shi ya rubuta ba. Labarin kirki yakan zo da adireshin gidan rediyo ko jarida ko hukumar da ta faɗe shi, inda za ka je ka gani da idonka.

KULLE ƘOFA

Akwai satar da ta fi ta kuɗi ciwo, ita ce satar suna. Ga yadda ake yin ta. Wani zai kira ka cikin ladabi, ya ambaci sunanka, ya ce daga ƙungiyarku yake, za a yi taro ko rabon tallafi. Zai ce an turo maka lamba shida a waya, ka karanto masa. Lambar nan ita ce mabuɗin WhatsApp ɗinka. Da ka ba shi, sai ya buɗe a tasa wayar, taka ta rufe. Daga nan zai bi 'yan'uwanka da abokanka, da sunanka da hotonka, yana cewa kana asibiti a turo kuɗi. Su kuwa ganin fuskarka sai su tura.

Rigakafi ya fi magani. Kada ka karanta wa kowa lambar da ta shigo wayarka, ko wane ne shi. Sannan a cikin saiti akwai wurin sa makulli na biyu, lamba shida da kai za ka zaɓa da kanka. Ka sa shi yau. Kada ka zaɓi shekarar haihuwarka ko 123456. Ka haddace, ko ka rubuta a takarda ka adana a gida.

In har an riga an sace, ka sake yin rajistar WhatsApp da lambarka. Sabuwar lamba shida za ta shigo layinka, da ka sa ta ɓarawon zai fita. In ya riga ya sa nasa makullin, za ka jira kwana 7. Kafin nan ka kira 'yan'uwa, ka sa a sanar a majalisa da kasuwa cewa kada kowa ya tura kuɗi.

Kai ma in saƙon neman kuɗi ya zo maka daga wanda ka sani, kira shi ka ji muryarsa tukuna.

In wayarka ta ɓace, fara zuwa banki a rufe asusu, sannan ka je ofishin kamfanin layinka da lambarka ta NIN a dawo maka da layin. Tun watan Disamba na 2020 gwamnati ta ce a haɗa kowane layi da NIN, don haka layin da aka yi wa rajista da sunan wani yana da wuyar dawowa. Ka tabbata naka da sunanka yake. Wanda ya manta lambarsa ta NIN ya danna *346# a layin da ya yi rajista da shi. Ta BVN kuwa *565*0#. Ana cire ɗan kuɗi kaɗan. Mai ƙorafi a kan kamfanin layi, in ya kai musu ba su saurare shi ba, yana iya kiran Hukumar Sadarwa ta NCC kyauta a lamba 622.

AIKIN WANNAN WATA

Mai karatu, ga ɗan aikin da za ka yi kafin fitowa ta gaba. Ɗauko katinka na ɗan ƙasa da wayarka. Gwada sunan da ke kati da na waya da na banki, ka ga ko sun dace. Duba hoton da mutane ke gani, ka zaɓi waɗanda za su gan shi. Sa makulli na biyu. Sannan ka nemo saƙo ɗaya mai adireshi da aka taɓa turo maka, ka karanta sunan gidan da ƙarfi ba tare da ka taɓa shi ba.

In ka iya, ka koya wa maƙwabcinka da mai ɗakinka. Wanda ke da tambaya ya kai wa malamin ajinsu. In kunne ya ji, jiki ya tsira.